Kongo ko gidan Gwaggo a Kano? Ƙanwata na tsoron zaman hostel

Yayan Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Ta ci maki 254 a JAMB, aikin lauya take son karanta, mu kuma mutanen Funtuwa ne. Jami'ar ABU da ke Zariya ta sa a zaɓin farko, amma yanzu ta kafe sai an canza mata zuwa BUK da ke Kano, ba don komai ba sai don gwaggonmu tana Hotoro, ta ce gara ta zauna wurinta ta huta da hostel. An cika mata kunne da labarin cunkoso da sata da banɗaki da kuɗin cizo, har barcin kirki ba ta yi. Baba ya ce mu yanke, shi addu'a ce tasa. Masu sani, ku taimaka.

Malam Mai Jagoranci: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kun faro maganar daga wutsiya. Ana fara duba kwas ne, sannan damar samun gurbi, sannan kuɗi. Wurin kwana shi ne na huɗu, kuma a cikin huɗun shi ne ya fi sauƙin gyara daga baya.

Ka fara gane yadda jami'o'in tarayya ke raba gurbi: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suke, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya wajen ilimin boko. 'Yar Katsina tana da ƙafa a jami'o'in biyu, don haka canjin ba zai ƙara mata wata alfarma ta jiha ba. Kada kuma ku ruɗu da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa na ƙasa baki ɗaya, irin 140 na 2024 ko 150 na 2025. Wannan na shiga layi ne kawai. Karatun lauya da likitanci nasu makin daban ne, kuma kowace shekara yana motsi gwargwadon yawan masu nema.

Ga inda ake faɗawa rami. Idan aka je cibiyar JAMB aka canza makaranta, sunanta ya fita daga jerin ABU ke nan. In aka yi rashin sa'a BUK ta riga ta rufe rajistar tantancewarta, wato Post-UTME, to ba ta nan ba ta can, ba tsuntsu ba tarko. Kafin ku taɓa komai, ku buɗe shafin BUK ɗin kanta ku ga ko ƙofar a buɗe take, kuma ku ga makin da ta yanka wa masu neman lauya a bana.

Barista na Sabon Gari: Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: ku duba sakamakon WAEC ko NECO ɗinta da kyau. Kiredit biyar ake so, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma mafi yawan wurare har da Lissafi. Adabin nan shi ke kayar da yara da yawa masu makin JAMB mai kyau. A tabbata kuma an ɗora sakamakon a CAPS, wato shafin JAMB na rabon gurbin karatu. Wanda sakamakonsa bai hau CAPS ba, ko 300 ya ci, ba a ganinsa lokacin rabon gurbi.

Sannan Yayan Ummi, wane hostel aka tsorata ta da shi? Ina zargin hotunan Samaru, babbar harabar ABU, ake nuna mata, su hostel ɗin Amina da na Ribadu. Ai masu karatun lauya a ABU ba a Samaru suke ba. Tsangayarsu tana Kongo, cikin gari kusa da Tudun Wada, tare da tsangayar harkokin mulki. Kongo haraba ce ƙarama, tana da ɗakunan kwananta da masallacinta da ɗakin karatunta, daga ɗaki zuwa aji tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Ba na cewa babu cunkoso, amma duniyar daban ce da Samaru mai dubban ɗalibai.

Yayan Ummi: Wallahi Barista ban san da wannan ba. Mu duk a zatonmu ABU ɗaya ce, nan bakin titi bayan an wuce Shika.

Barista na Sabon Gari: Ba kai kaɗai ba. Kusan duk manyan jami'o'inmu haka suke. ABU tana da Samaru da Kongo da asibitin Shika. BUK tana da tsohon matsuguni kusa da Kabuga, da sabo a hanyar Gwarzo, da asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya. ATBU ta Bauchi tana da Yelwa da Gubi. Ba sunan jami'a mutum zai zauna a ciki ba, harabar da kwas ɗinsa yake ita ce gidansa na shekara biyar.

Baban Walid: To tunda an zo nan, bari mu yi lissafin Hotoro. Tsangayar lauya ta BUK a sabon matsuguni take, hanyar Gwarzo, bayan Rijiyar Zaki. Hotoro kuma gabashin Kano ce. Wato kullum sai ta ratsa garin daga wannan bango zuwa wancan. Aƙalla hawa biyu zuwa, biyu dawowa a Adaidaita Sahu, wata rana uku idan ba a samu mai wucewa Kabuga kai tsaye ba. Hawa 4 a rana, kwana 5 a mako, mako 17 a zango, zango 2 a shekara: hawa 680 ke nan. Ka ninka da kuɗin hawa ɗaya na yau, ka ajiye kusa da kuɗin gadon hostel na shekara, ka ga wanne ya fi nauyi.

Kuɗin ma ba shi ne babbar asarar ba. Lakcar ƙarfe takwas tana nufin fita gida kafin bakwai. Lakcar da aka tashi shida tana nufin isa gida bayan magariba, wani lokaci isha. Awa biyu zuwa uku kullum a kan titi, ga ƙura ga hayaƙi, ta dawo a gajiye. Yaushe za ta buɗe littafi? Kuma malami yakan ɗage lakca ko ya sa gwajin ba-zata da sanarwar awa ɗaya a rukunin WhatsApp na aji. Na hostel ya sa takalmi ya fita, na Hotoro sai dai ya ji labari. Ka tuna dokar halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, kuma masu koyar da lauyoyi ba sa wasa da ita.

Hajiya Maman Sadiq: Baban Walid, lissafinka daidai ne amma ka manta abu guda. 'Ya mace ce, shekara sha bakwai ko sha takwas. Ido a kanta ya fi kuɗin mota. A gidan gwaggo an san lokacin fitarta, an san na dawowarta, in ta kwanta ciwo akwai mai dafa mata ruwan zafi. A hostel wa zai tambaye ta? Ku maza komai sai ku mai da shi lissafi.

Anti Malama: Ranki ya daɗe Hajiya, maganarki abar dubawa ce, amma a faɗi ɗaya gefen. Hostel ɗin mata da ke cikin makaranta yana da ƙofa ɗaya mai masu gadi, yana da lokacin rufewa da dare, maza ba sa shiga ciki, kuma akwai jami'ai mata masu kula da shi ƙarƙashin ofishin harkokin ɗalibai. Yarinyar da ke ratsa Kano ita kaɗai bayan magariba kullum, wa ke sa mata ido a hanyar?

Kuma zaman gidan dangi na shekara biyar ba ziyarar Sallah ba ce. Wata na farko baƙuwa ce, wata na uku ta zama 'yar gida, 'yar gida kuwa tana wanke-wanke, tana girkin dare, tana raka yara Islamiyya. Ba mugunta ba ce, haka zaman gida yake. Amma ranar da take da jarrabawa gobe aka yi baƙi, ba ta da bakin cewa ba za ta shiga kicin ba. In ta faɗa, an ce boko ya sa ta girman kai. In ta yi shiru, sakamako ya faɗa a madadinta. Zumunci da yawa a nan yake tsami. Idan har dole sai gidan gwaggo, to Baba da kansa ya zauna da 'yar'uwarsa tun farko a yi magana a fili: ga abin da za a riƙa aikowa na abinci duk wata, ga ayyukan da za ta yi, ga makonnin jarrabawa da za a ɗauke mata komai.

Hajiya Maman Sadiq: Wannan kam gaskiya ce, ido wa ka raina. Amma ban janye ba tukuna. A gaya mini yadda za a yi da cunkoson da ƙazantar, don su ne suka hana yarinyar barci.

Tsohon Jami'in Hostel: Bari in ɗauko shi daga tushe, Hajiya. Cunkoso iri biyu ne. Akwai adadin da makaranta ta rubuta wa ɗaki, mutum huɗu ko shida ko takwas a gadaje masu hawa biyu. Akwai kuma 'yan raɓe, waɗanda ba su samu gado ba suka laɓe wurin ƙawa ko 'yar garinsu. Su ne ke mai da ɗakin mutum shida ya koma na goma sha biyu, su ne kuma dalilin da banɗaki da ruwa ba sa isa, domin an gina su ne don adadin farko. Doka ta hana, amma kunya ke sa a karɓe su. Abin da za a koya wa Ummi tun daga gida shi ne yadda ake cewa a'a cikin ladabi: «Ki yi haƙuri, an sa mu sa hannu cewa ba za mu ajiye kowa ba.» Kuma gaskiya ce, in aka kama, mai gadon ce ke rasa gadonta.

Samun gadon kansa tsere ne. Gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba a duk manyan jami'o'in gwamnati, sai dai akan fifita sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe, don haka shekarar farko ita ce damarta mafi girma. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Ta karɓi gurbi a CAPS, ta buga takardar shaidar gurbi ta JAMB, a tantance takardunta, ta biya kuɗin rajista ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, sai fotal, wato shafin makarantar, ya ba ta damar neman gado. Wanda bai gama biyan rajista ba, maɓallin hostel ba ya buɗe masa. Shi ya sa kuɗin rajista ya kamata ya kasance a hannu tun kafin sunaye su fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kurakuran da ke jawo asarar gado guda uku ne. Na ɗaya, a kama gado a fotal a ƙi biya cikin wa'adin da aka bayar, sai ya koma kasuwa wani ya ɗauka. Na biyu, a bar wa mai shagon intanet lambar sirri da imel, ya cike da nasa, ranar da ake buƙatar saƙo ba a san inda ya shiga ba. Na uku, sayen gado a hannun wani ɗalibi ko wani da ya ce yana da hanya. Gadon yana nan da sunan mai sayarwa, ranar bincike ita za a fitar, kuɗin kuma ya tafi. Duk kuɗin da ba ta lambar Remita mai sunanta ya bi ba, ba makaranta aka biya ba.

Ranar shiga ɗaki a je da safe, kada a bari sai yamma. Wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar kusurwa. A nemi gadon da ke kusa da taga, nesa da ƙofa. Na sama ya fi sirri, ba mai zama maka a kai, amma ya fi zafi a bazara. Na ƙasa ya fi sauƙi, sai dai shi ne kujerar duk baƙon da ya shigo.

Injiniya Ɗan Tudu: Ni wuta zan yi magana a kai, don ita ce ke kisa, sauran duk ɓacin rai ne. Soket ɗin bango na amfiya 13 ne, a wutarmu ta bolt 230 iyakarsa wajen wat 3000. Rishon lantarki ɗaya yana jan wat 1000 zuwa 1500, hitar ruwa kusan haka, dutsen guga wajen 1000. To a haɗa ukun a kan jona ɗaya ta 'yan kasuwa mai siririyar waya, wadda ko rabin wannan nauyin ba za ta ɗauka ba. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke, ga katifa ga labule a gefe. Mafi munin shi ne a ɗauke wuta ana tsakar dafa abu, a manta ba a kashe ba, a tafi aji. A kawo wuta ba kowa a ɗaki. Gobarar ɗakunan ɗalibai takan fara ta haka, shi ya sa makarantu suka hana waɗannan kaya, ba don mugunta ba.

Ta riƙe ƙa'ida biyu: an ɗauke wuta, a zare komai daga soket nan take, kuma ba a sa hannu a bokiti hita na ciki. Jona ta saya mai fis, mai kaurin waya, ta caji da fitila kawai. Girki kuma ta karanta takardar dokokin hostel ɗin kafin a sayi komai, don wani wuri an yarda da ƙaramar tukunyar gas a kicin, wani wuri risho kawai. In gas ne, a gwada bakin da ruwan kumfa: in ya yi ƙwai-ƙwai, yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana.

Nas Maman Iman: Kuɗin cizo da ake ta tsorata ta da shi, ba alamar ƙazantar mutum ba ne, kuma ba a san shi da yaɗa cuta ba, hana barci ne da ƙaiƙayi. A cikin tsagar katako da ɗinkin katifa da mahaɗar ƙarfen gado yake ɓuya. Ta zo da sabuwar katifarta, ta ɗalibai mai faɗin ƙafa biyu da rabi, tsawon ƙafa shida, a sa mata rigar leda mai zif tun daga kasuwa. Kada ta karɓi tsohuwar katifar da aka bari a ɗaki ko da kyauta ce. Kafin ta shimfiɗa, a fitar da katakon gadon a kwarara masa tafasasshen ruwa a duk tsaga, a shanya a rana. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe shi har ƙwansa. A janye gadon kaɗan daga bango. Kuma aikin na ɗaki ne gaba ɗaya a rana ɗaya, in mutum ɗaya ya yi, daga gadon maƙwabciya zai dawo.

Abin da nake roƙo da babbar murya: kada a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗaki a rufe a kwana ciki. Guba ce da ke shiga ta numfashi da fata, ta hallaka mutane a cikin barci.

Sauran kayan lafiya ba su da yawa. Gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani. Silifas na banɗaki daban. Bokiti biyu, buta tata ta kanta, jarka mai lita 25, domin ruwa yakan zo ne da asuba ko tsakar dare, mai abin tara shi ke wanka. Ruwan sha a tafasa ko a sayi wanda aka amince da shi, taifod da amai da gudawa ta nan suke shigowa. Ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a yi aron tawul, reza ko matajin kai, ƙazwa da makero ta nan suke yawo.

Sanƙarau kuma ba abin wasa ba ne a ƙasarmu, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya. A tambayi asibiti batun rigakafi kafin ta tafi, a bar taga a buɗe. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti nan take ko ƙarfe nawa ne, ba kemis ba. Ta yi rajistar asibitin makaranta a makon farko ta karɓi kati, kuɗinsa yana cikin abin da aka biya. In tana da sikila ko asma, a zo da takardar likita a kai ofishin harkokin ɗalibai, a roƙi ɗakin ƙasa da gadon ƙasa.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ku ƙara da kwaɗo biyu masu kyau, ɗaya na akwati ɗaya na loka. Satar hostel ta dama ce, ba ta ƙarfi ba: waya a caji an shiga wanka, kaya a igiya an tafi aji. Takardun asali kuma bayan tantancewa su koma Funtuwa, ta riƙe kwafi.

Anti Malama: Abinci na wata ɗaya ga mutum ɗaya mai girki da kansa: shinkafa kwano biyu, wake kwano ɗaya, taliya leda takwas zuwa goma, garin kwaki kwano ɗaya, manja da man gyaɗa lita ɗai-ɗai. Abin da ke ceton ɗalibi shi ne busasshen kaya, tunda ba firji: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, garin kunu, dambun nama. Komai a roba mai murfi saboda ɓera da kyankyaso. Kada a kai buhu, ba wurin ajiya, kuma mai buhu ita ce kantin ɗaki. Wake a jiƙa shi tun dare, yana rage cin gas ɗin girki sosai. Tunda lauya za ta karanta, baƙi da fari ne kayan aji, a ɗinka mata farare aƙalla uku, don ranar da ba ruwa ba wanki.

Zaman ɗaki kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abubuwan faɗan sanannu ne: shara, kashe fitila, waya a bayyane da dare, baƙi, da aron kaya ba tambaya. A makon farko, tun ana ganin girman juna, a rubuta jadawalin shara a manna bayan ƙofa, a yanke lokacin kashe fitila. Haɗa tukunya da mutanen da ba a sani ba a jinkirta shi sai an ga hali. Za ta iya samun kanta da 'yar Binuwai ko 'yar Kwara, Musulma ko Kirista, kowa da lokacin ibadarta da irin girkinta. Wannan ma karatu ne, kuma lauya ya fi kowa buƙatarsa. In abu ya gagara, akwai shugabar ɗalibai ta hostel, sama da ita akwai jami'ar hostel, kuma ana canza wa mutum ɗaki in dalili ya yi ƙarfi.

Baban Walid: Wani zai ce a kama mata ɗaki a waje, Gyallesu in Kongo ce, ko Danbare da Rimin Gata in BUK ce. Ban da shekarar farko. Haya ta shekara, ga kuɗin dillali, ga sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ga kuɗin wuta, ga ba mai gadi. Mai tsoron hostel a kai ta ɗaki ita kaɗai a unguwar da ba ta san kowa ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dakta Mai Nasiha: Kowa ya yi maganar kaya, bari in yi ta yarinyar. Yayan Ummi, fargabar barin gida ba ciwo ba ce, kusan duk sabon ɗalibi yana yinta, har da masu nuna ba ruwansu. Kada a ce mata «ke dai raguwa ce», kada kuma a ce «ba komai». A zaunar da ita ta lissafo abin da take tsoro ɗaya bayan ɗaya a takarda. «Ina tsoron hostel» ba shi da magani. «Ina tsoron banɗaki da safe» yana da shi: a tashi kafin asuba a riga layi. Za ku ga rabin jerin an riga an amsa shi a nan sama.

Na biyu, gani ya kori ji. Funtuwa da Zariya ba nisa, ku ɗauke ta ranar aiki ku je Kongo. Ta ga ƙofar hostel, ta ga aji, ta yi magana da 'yan aji biyu ko uku. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyar ɗaliban jihar Katsina duk suna karɓar sababbin shiga, ta nan za a samo mata babbar ɗaliba mai hankali da za ta riƙe hannunta. In da hali ku je Kano ma, amma ku tashi daga Hotoro ƙarfe bakwai na safe a motar haya, ba a motar gida ba, ta ɗanɗana hanyar da kanta.

Bayan ta tare, mako biyu zuwa shida na farko su ne masu wuya. Za ta kira tana kuka, wannan ba dalilin zuwa ɗauko ta ba ne. A sa lokacin waya ɗaya tsayayye a rana, misali bayan isha, maimakon kira goma. Kuma kusancin nan na Zariya yana da tarko: in tana gudowa gida duk Juma'a, ba za ta yi ƙawaye ba, don a ƙarshen mako ake sabo. Ta yi mako uku ko huɗu na farko ba ta zo ba, ku ku je mata.

Inda za a damu shi ne in abin ya wuce mako biyu a jere ba barci, ba cin abinci, ta daina shiga aji, ta daina kula kowa, ko ƙirjinta na bugawa numfashi na sarƙewa haka kawai, ko ta fara maganar gara mutuwa. Wannan na asibitin makaranta ne da sashen ba da shawara, a ranar, tare da addu'a ba a madadinta ba. Kuma a gargaɗe ta kada ta karɓi ƙwayar barci ko ta «ƙarin kuzarin karatu» daga hannun kowa. Rashin barcin da take yi yanzu ma, in ya zarce bayan an yanke shawara, a kai ta ta ga likita tun tana gida.

Hajiya Maman Sadiq: Dakta, mako huɗu uwa ba ta ga 'yarta a gida ba? Allah ya ba mahaifiyarta haƙuri. Amma na yarda da zuwa a gani. Ni sharaɗina ɗaya: a samu wani gida sananne a Zariya, ko na abokin Baba ne, a kai ta a gabatar, a ba su lambarta. Ba don ta zauna ba, don ranar larura.

Malam Mai Jagoranci: Wannan sharaɗin ya yi, Hajiya. Saura abu biyu kada su shige. In ABU ta ga makinta bai kai na lauya ba, tana iya tura mata tayin wani kwas a CAPS. Kada a danna amincewa da gaggawa, kada kuma a bar mai shago ya danna, don da zarar an karɓi gurbi an rufe sauran ƙofofi na wannan shekarar. Masu cewa «ki shiga kawai, a aji biyu kya koma lauya» ba su gaya mata cewa wannan ƙofar ƙunci gare ta ba, saboda hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta tura makarantar horon lauyoyi. A zauna a yanke tun yanzu: in ba a samu lauya ba, wane kwas za ta iya karɓa da zuciya ɗaya, wanne ne gara ta sake JAMB.

Yajin aiki kuma kada ya shiga lissafin zaɓi tsakanin waɗannan biyun. Dukansu na tarayya ne, na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, tare ya rufe su. In kuɗi ya yi wuya akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai sai ta zama ɗaliba mai lambar rajista take iya nema, don haka kuɗin shiga na farko daga aljihunku zai fito.

Yayan Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta mata duka, ta yi dariya wurin mai buhu ita ce kantin ɗaki. Ba za mu taɓa canjin ba tukuna. Ranar Talata in sha Allahu za mu je Kongo da ita da Umma, yau kuma zan duba ko sakamakonta ya hau CAPS. Barista, a wace ƙofa ake barin baƙi su shiga?

Barista na Sabon Gari: Babbar ƙofa. Ku riƙe katin shaida da takardar sakamakon JAMB ɗinta, ku ce wa masu gadi tsangayar lauya za ku. Ku isa kafin sha biyu, lokacin ɗalibai na nan. Kai ba za a bar ka ka shiga hostel ɗin mata ba, sai dai ita da Umma in jami'ar wurin ta yarda, don haka ka nemi inuwa.